Hoton Malam Nababa a Madina

Malam Nababa manomin gyaɗa ne a Zakirai. Duk hoton da aka taɓa yi masa na kati ne: a ƙame, a kalli gaba.

Da ya je Umara, 'yarsa Ramlat ta samo masa mai hoto ta waya. Mutumin ya kai shi gonar dabino, ya yi masa nuni kada ya kalle shi. Malam ya rasa inda zai sa ido, sai ya tsuguna yana murza ƙasa.

Wannan hoton Ramlat ta rataye masa a zaure. Har yau in ya gani sai ya yi tsaki.

"Na hau jirgi har Madina, a ɗauke ni a gona? Wa zai yarda ba Zakirai ba ce?"