Igiyar Karyar Maƙwabcina

Maƙwabcinmu a unguwar Dagenham, nan ƙasar Turawa, wani tsohon Bature ne da ya yi ritaya daga kamfanin motoci. Matarsa ta rasu tun kafin mu tare a unguwar, daga shi sai wata baƙar karya mai dogayen kunnuwa. Yarana suna ce masa Baba, har ni ma bakina ya kama. Da karyar ce dai ba ma shiri. In ta leƙo ta shinge, sai in ja da baya in tattare bakin wandona.

Wata Asabar, lokacin da ganye ke zuba, ya roƙe ni alfarma. Likita ya hana shi tuƙi, ga shi yana son zuwa wani tsohon gidan masu sarauta a bayan gari, inda suka saba yawo da marigayiya. Sai da na amsa sannan na tuna ba shi kaɗai zai shiga motar ba.

Gidan ƙaton gini ne na jan bulo, ga tagogi rututu, ga ciyawa shimfiɗe har bakin tafki. Amma ba ciki Baba ya nufa ba. Muna yin parking ya ja ni zuwa dajin da ke bayan gidan. Itatuwa sun haɗe kai a sama, ƙasa kuwa laka da jiƙaƙƙen ganye. Tun muna cin karo da mutane har muka daina. Hanya ta rabu, ta sake rabuwa, ni dai bin sa kawai nake.

Can na lura ya rage sauri. Ya lallaɓa ya zauna a kan wani kututture, hannu a ƙirji. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ake.

"Baba, lafiya?"

"Bari in ɗan huta."

Na ciro waya, babu network ko ɗigo. Na ɗaga ta sama, na matsa nan na matsa can, a banza. Na ƙwala kira, ba wanda ya amsa sai hankaki. Na ce zan goya shi, ya girgiza kai. Ya fi ni jiki, ni ma na san ba za mu kai ko'ina ba.

"Je ka kira mutane," ya faɗa da kyar.

"Ban san hanya ba, Baba."

Ya miƙo mini igiyar karyar. "Ita ta sani."

A rayuwata ban taɓa riƙe kare ba. Haka na karɓa. Karya ta kafe a gindin ƙafarsa, na ɗan ja, ta yi gurnani har na ga haƙora. Baba ya tattara sauran ƙarfinsa ya daka mata tsawa, ya ce ta tafi mota. Ta dube shi, sannan ta fizge ni.

Gudu muke, reshe na dukan fuskata. Da muka iso mararraba sai ta bar babbar hanya ta kutsa wata 'yar siririya cikin ƙaya. Na tsaya cak. Na tabbata ba ta nan muka shigo ba. In zomo ta sansano fa? Ta juyo tana haushi, ni kuma ina tsaye ina tunanin tsohon da na bari shi kaɗai, da abin da zan ce wa 'yan sanda in aka tarar da gawarsa a daji, alhali ni ne na kawo shi. Na yi bismilla na bi ta. Santsi ya kwashe ni, na faɗi da gwiwa, igiyar ta ɗaye mini tafin hannu, amma ban saki ba.

Sai ga mu a bayan ɗakin shan shayi na gidan, kusa da inda muka ajiye mota. Wata ma'aikaciya tana ganina, laka har wuya, ta ja da baya. Turancina ya tsere, na dinga nuna daji ina cewa zuciya, zuciya. Ta dubi karyar, ashe ta san ta. Nan take ta kira ambulan, ta kira wani mai gadin daji, muka hau ƙaramar motarsa.

Mun same shi ya zame daga kututturen, kansa a langaɓe, ido rufe. Na ce innalillahi. Karya ta yi tsalle ta shiga lasar masa kunne, sai na ga yatsunsa sun motsa suna neman wuyanta. Na zauna a cikin lakar.

An yi masa aiki a zuciya. Kafin 'yarsa ta iso daga garin da take aure, ni nake shiga gidansa safe da yamma in zuba wa karyar abinci, in tsaya daga bakin ƙofa har ta cinye. Uwargida ta ware mini wasu tsofaffin kaya na wannan aikin, ta ce kar in kuskura in haɗa su da na salla.

Baba ya dawo gida a rame, yana dogara sanda. Yawonsa yanzu bai wuce ƙarshen layinmu ba.