Darasin da Ya Faɗo Lokacin Cirar Gyaɗa

Na daɗe ina koyar da tarihi a wata sakandare a Rogo, kuma ni ba na iya koyarwa a zaune. In na kama yaƙe-yaƙen Faransa har tebur nake duka. Gwanina shi ne wani babban kwamandansu, marshal, ɗan mai haɗa gangunan katako, wanda ya shiga soja ba shi da ko igiya ɗaya, ya hau har ƙoli. Da rundunarsu ta watse a ƙanƙarar Rasha, shi ya tsaya a baya yana kare masu gudu.

Akwai wani ɗalibina ɗan garin Zoza, dogo, marar magana. Ranar da na ba da labarin nan ko motsi bai yi ba. Aka kaɗa ƙararrawa, na ce sauran sai mako mai zuwa. To, a makon aka shiga cirar gyaɗa, aji ya koma mutum bakwai. Su kaɗai suka ji cewa daga baya sojojin ƙasarsa ne suka tsayar da kwamandan suka harbe. Ɗalibin nawa kuwa yana gonar babansa. Na ce zan maimaita, na manta.

Yana gama makaranta ya shiga soja. Da ya zo sallama ya ce, "Malam, kai ka sa." Ni kuwa don wauta har daɗi na ji.

An tura su bakin daga a arewa maso gabas, yau wata biyu wayarsa a kashe. Tun daga nan zama ya gagare ni. Sai in hau babur in je Karaye, ba abin da zan yi, in juyo. Tsoro nake ji, kuma laifina nake gani.

Ran kasuwa babansa ya tare ni, riƙe da kekensa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Malam, Baturen nan da yaronka yake yawan ba mu labarinsa, wanda ya tsaya a baya. Yaya ya ƙare?"

Na dube shi. Na ce, "Baba, lafiya lau ya dawo. A gidansa ya tsufa."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Bari in je in gaya wa uwarsa."

Ban taɓa yi wa tarihi ƙarya ba sai ranar. Yana hawa keke na sake kiran lambar, aka ce a kashe take.