Akawun Ɗakin Ajiye Gawa

A bayan babban asibiti, kusa da inda ake wanke zannuwan gado, akwai wani ɗan ofis mai taga ɗaya. Ba komai a ciki sai tebur, kujeru uku, fanka mai ƙara da wata tsohuwar kwamfuta. A nan akawun ɗakin ajiye gawa ya yi shekara goma sha tara.

Aikinsa gawarwakin da ba a san danginsu ba: wanda mota ta kaɗe, wanda ya yanke jiki ya faɗi a tasha, wanda ruwa ya ci. A da, masu cigiya har cikin ɗakin sanyi ake shigar da su, ana jawo musu durowa ɗaya bayan ɗaya, wasu su suma tun kafin a kai ta uku. Sai wani likita ya ce a riƙa nuna musu hoto tukuna. Aka kawo kwamfuta, aka yi alkawarin manhaja ta musamman, alkawarin ya bi iska. Akawu ya kama aiki da 'yar manhajar duba hotuna da ta zo da kwamfutar. Ka danna hoto sau biyu ya cika allo, ka taɓa kibiyar dama wani ya fito. In mai cigiya ya girgiza kai, sai akawu ya ce, "Na gaba." Da haka sunan ya bi shi. Masu tura gadon marasa lafiya kan tsokane shi: "Malam Na-gaba, kai ko abinci aka ajiye maka, na gaba za ka ce." Yakan ɗaga musu hannu kawai.

Ya san manhajar nan ciki da bai. Mai ɗaukar hoton asibitin daga wajen kai yake tsayawa, don haka fuskokin a kife suke zuwa. Kowace safiya akawu zai bi su ɗaya-ɗaya ya juya su daidai kafin mutane su iso. Ya iya matso da hoto kusa, a ga tabon goshi ko zobe ko karyayyen haƙori. Maɓalli ɗaya ne ba ya taɓawa. Ya taɓa danna shi bisa kuskure a gaban wani dattijo, hotunan suka shiga wucewa da kansu, wannan na narkewa cikin wancan kamar na shagali, ya rasa yadda zai tsayar da su sai da ya zare wayar wuta.

A gida ba ya zancen aiki. Matarsa mai ɗinki ce, suna da 'ya'ya mata biyu. Tana da ƙane, autansu, mai gyaran janareto, wanda ya zauna a gidansu shekara shida kafin ya yi aure. Mutum ne mai surutu da dariya, Yaya yake kiran akawu, kuma duk zuwansa sai ya kwance musu wani abu ya gyara ko lafiyarsa ƙalau. Wata Juma'a Auta ya fita aiki bai dawo ba. Wayarsa a kashe. Aka zaga shagonsa, aka zaga abokai, aka kai rahoto wajen 'yan sanda.

Ran Litinin da safe mai hoto ya kawo na ƙarshen mako, guda goma sha bakwai. Akawu ya zauna yana juya su. Ya juya na goma sha ɗaya, sai ga Auta. Ya matso da hoton kusa: ga tsagar gira, wadda ƙofar banɗakin gidansu ta yi masa. Ya mayar da hoton yadda yake. Ya saurara ko zai ji wani abu ya taso masa, bai ji komai ba sai ƙarar fanka. Ya taɓa kibiya, ya juya sauran shidan.

Wajen ƙarfe goma matarsa ta bugo waya. "Baban yara, 'yan sanda sun ce mu duba asibitoci. Ga mu nan zuwa ni da matar Auta."

"To, ku zo," ya ce.

Da suka shigo ya nuna musu kujeru, ya jawo takardar da masu cigiya ke cikewa. "Sunan wanda ake nema?"

Matarsa ta dube shi. "Ni kake tambaya sunansa?"

"Haka tsarin yake."

Matar Auta ce ta amsa: suna, shekaru, riga shuɗiya mai tabon baƙin mai a aljihu. Ya rubuta duka. Sannan ya juyo musu da allon, ya buɗe hoto na farko. Suka girgiza kai. Na biyu, na uku. A na bakwai matarsa ta toshe baki da mayafi ta ce, "Allah sarki, wannan ma ɗan wani ne." Ya ci gaba. Sai aka zo na goma sha ɗaya. Matar Auta ta miƙe, ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan allon, sannan ta sulale ƙasa.

Sai da ma'aikatan jinya suka fita da ita matarsa ta juyo. "Ka sani."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Takwas da rabi."

"Ka bar ni na kalli gawar mutum goma, kana zaune kana danna abin nan?"

Da zai iya faɗa, da ya ce bai san wata hanyar gaya wa mutum irin wannan labari ba sai wannan.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ci gaba da yi masa girki da wanki, amma ta fi wata biyar ba ta haɗa ido da shi ba. In magana ta kama, sai ta aiko ɗaya daga cikin 'ya'yan. Shi kuwa ya rubuta takarda a canza masa wuri, aka mayar da shi wajen yankan kati. Ya yi kwana biyu yana koya wa matar da ta gaje shi juya hotuna, ya manna farar takarda a kan maɓallin da ba a taɓawa. Bayan shekara biyu ya yi ritaya. Yanzu a shagon matarsa yake wuni, yana ɗinka maɓallan riguna da yanke zare. Suna magana, galibi a kan aiki.

Matar Auta ta sake aure bara. Kafin ta tare ta zo yi musu sallama, akawu ya raka ta bakin titi. Suna jiran mota ta ce, "Yaya, ni ban riƙe ka ba. Duk hoton da ya wuce ba shi ba ne, sai in ce a raina yana raye. Sau goma na faɗa."

"To," ya ce.

Mota ta zo a cike, suka jira ta biyu. Ya riƙe mata jaka har ta samu wurin zama, sannan ya tsallaka titi ya sayo allurar keken ɗinki da matarsa ta aike shi.