Goggo Lorna da Reshen Share Sawu

Goggo Lorna yayar mahaifina ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu, can arewacin jihar Idaho, don haka duk wanda ya haura arba'in a garin nan ta taɓa harararsa ta madubi. Ba ta yi aure ba sai da ta kusa hamsin, mijin ma bai shekara shida ba ya rasu, ta koma zamanta ita da karenta. Ni sunana Darla, amma Gidan Rediyo take kirana tun ina 'yar shekara bakwai, ranar da na sanar da mutanen coci kaf cewa babana ya faɗa rafi garin kamun kifi. Sunan ya bi ni, kuma ba zan ce an zalunce ni ba.

Da an rufe makaranta take loda tanti da tukunyar kofinta shuɗiya a bayan akori-kura, ta nufi gandun dajin gwamnati. Ba ta kwana a filin zangon da aka tsara, mai famfo da bayan gida da lamba a jikin sanda. Wannan, in ji ta, tashar mota ce aka dasa wa bishiya. Ita tsofaffin hanyoyin masu yankan katako take bi, inda doka ta yarda ka sauka duk inda ka samu na kwana goma sha huɗu, ba ruwa ba komai, ka zo da kayanka ka tafi da shararka.

Neman wurin shi ne sana'arta ta gaskiya. Tafiya take a hankali kamar mai rakiyar gawa, gilashi a sauke, gwiwar hannu a waje. Idan ta ga sawun taya biyu sun ratse, ciyawa ta fito a tsakaninsu har gwiwa, sai ta taka birki. Ta sauka ta bi su da ƙafa, tana duba sama ko akwai busasshiyar bishiyar da iska za ta kayar wa mutum a ka, tana neman duwatsun da tsohuwar wuta ta baƙanta, tana saurarar ruwa. In wurin ya yi mata, sai ta zaro taswirarta ta takarda da ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma, ta sa ɗigo ɗaya da fensir. Ba ta rubuta suna, ba ta rubuta lambar hanya.

Tsofaffin garinmu duk haka suke. Mutum zai ba ka aron motarsa da zartonsa, amma tambaye shi inda yake sauka ko inda yake tsinkar 'ya'yan itacen dajin nan da ake kira hakulberi, sai ya nuna duwatsu da haɓa ya ce, "Can sama." Goggo ta fi su duka. Duk lokacin da ta ratse daga babbar hanya sai ta tsayar da mota, ta nemo reshe mai ganye, ta riƙa ja da baya tana share sawun tayarta har bakin hanya.

"Goggo, sai ka ce ɓarauniya," na ce mata wata rana.

"Ɓarayin nake ɓoye wa," ta ce. "Ke dai riƙe kare."

Tana da shekara saba'in da shida ta zame a kan ƙanƙara ta karya ƙugu. Aka yi mata aiki, ta tashi da sanda. Daga nan ɗigon taswirarta suka fara fita daga hannunta ɗaya bayan ɗaya: wannan akwai gangare, wancan sai an tsallaka rafi, wancan ruwa ya yi nisa. Ɗaya tak ya rage. Mil goma sha ɗaya ne daga kwalta, ƙasa a shimfiɗe, mota tana isa har gindin murhu, kuma taku ashirin da biyu ne zuwa ruwa da irin tafiyarta. Hakulberi kuwa ya kewaye shi, tana zaune a kujera take tsinka. Ni kaɗai ta taɓa kaiwa wurin. Ta ce idan wannan ya tafi, ita da daji sai dai ta hango shi ta taga.

A watan Agustan wannan shekarar ta riga ni tafiya da kwana huɗu, don ba a ba ni hutu ba a shagon taya inda nake aiki. Da na iso na tarar da sawun motarta raɗau a bakin hanya, ƙugun ya hana ta sharewa. Na shiga, na share sawun, muka yi kwana biyar masu daɗi. Wata safiya na ɗauki hoton rafin yana tururi, ga tukunyar kofi a kan duwatsu.

To, ga abin da na yi. A lokacin aurena bai daɗe da mutuwa ba, yawancin yinina a waya nake yinsa. Akwai wata manhaja da masu yawon daji ke nuna wa juna wuraren sauka, kowa yana ba wuri taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Wani mutum da ban san shi ba, ban kuma taɓa ganin fuskarsa ba, ya rubuta cewa ya zaga yankinmu kaf babu wurin kirki, sai ƙura da sauro. Raina ya ɓaci. Wai mu za a gaya wa daji? Na ɗora hoton nan, na dasa masa alamar wuri daidai inda murhun yake, na rubuta a ƙasa, "Sai ka zo ka ga ƙura." Ba wanda ya roƙe ni, ba wanda ya matsa mini. So nake a ce na sani.

Aka kuwa ce na sani. Mutum ɗari uku da wani abu suka yaba, na yini ina duba waya ina murmushi kamar wadda aka ba sarauta. A rana ta uku hankalina ya dawo na goge, amma magana zarar bunu ce. Wasu sun riga sun kwafa sun sa a wasu wuraren da ban ma san da su ba.

Da bazara ta zagayo muka tafi tare, ni ke tuƙi. Tun daga bakin hanya na ga sawun da muke sharewa da reshe ya zama titi. Muka tarar da motoci biyar, ɗaya mai jan gida guda a bayanta, janareto yana ta ruri. Murhu ɗaya muka bari, na ƙirga bakwai. An sare ɗanyar bishiya, an buga ƙusoshi a wata an rataye tawul, an take hakulberin ya kwanta. Bayan kowane dutse takardar bayan gida ce fari fat.

Goggo ba ta sauka ba. Ta ɗaga gilashi, abin da ban taɓa gani ta yi a daji ba. Ni na fita in duba inda zan juya mota, sai ga wata matashiya da jariri a goye a ƙirji ta nufo ni da fara'arta.

"Sannunku da zuwa. Ku matso mana, akwai wuri ta can gefen rafi," ta ce. "Ku ma a waya kuka gani ko? Mu tun daga jihar Washington muka taso. Ko wace ce ta sa wurin nan, Allah ya yi mata albarka."

Na ce amin. Da bakina na ce amin, na koma mota.

Muna kama hanyar komawa Goggo ta yi magana. "Ni ce," ta ce. "Kwana huɗun nan da na bar sawu a buɗe bara. Shekara arba'in ina sharewa, sau ɗaya na kasa, kin ga sakamako. Tsufa bai yi ba, Darla."

Darla ta ce, ba Gidan Rediyo ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu na zuba wa hanya ido. Ni da ake ce wa maganar minti ɗaya ba ta kwana a cikina, ranar nan na iya shiru. Na bar tsohuwa mai shekara saba'in da bakwai ta ɗauki laifina ta ɗora wa ƙugunta, har na ce mata, "Haba Goggo, kar ki damu kanki." Duk abin kunyar da na taɓa yi a duniya bai kai wannan kalmar ba.

Kafin sanyi ya shigo ma'aikatan gandun daji suka zo da katafila suka jera manyan duwatsu a bakin hanyar, suka kafa allo cewa an rufe wurin sai ƙasa ta farfaɗo. Goggo ta ce sun yi daidai, ita ma da abin da za ta yi ke nan. Ta sa na kai tantinta ɗakin ajiya.

Wata bakwai na yi da abin a cikina. Ina zuwa kowace Lahadi in kwashe mata dusar ƙanƙara a ƙofar gida, in kai ta kasuwa, tana ta gaya wa mutane ba ta da kamar ni. Wata Lahadi a watan Fabrairu, muna shan kofi a kicin da hantsi, ta tashi ta ɗauko taswirar ta tura mini a kan tebur.

"Ungo. Ni na gama da ita. Da na ɗauka bakinki ba shi da murfi, ashe kin girma."

Ban iya taɓa takardar ba. Na gaya mata komai, da mutumin da ya ce ƙura, da hoton, da mutum ɗari ukun, da amin ɗin da na ce. Ina magana ina kallon kare a ƙarƙashin tebur, don shi ya fi sauƙin kallo.

Ta kurɓi kofinta. Can ta ce, "Taurarin nan da kike faɗa. Nawa suka ba shi?"

"Huɗu."

"Cikin biyar? Me ya rasa?"

"Wai waya ba ta kamawa a wurin."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Sannan ta janye taswirar, ta ninke ta, ta sa a aljihun rigar sanyinta.

"Wurin da kika bayar, wannan wauta ce, kuma na san wadda na raina," ta ce. "Amma kin zauna a gefena mil goma sha ɗaya ina zagin ƙafata, kin bar ni. Wannan ban san daga ina kika samo shi ba. A gidanmu babu shi."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ta gaya mini abin da zan yi.

"Ki nemo mini wani. Ƙasa a shimfiɗe, mota ta isa murhu, ruwa kusa. Ba da taswirata ba, ba da wayarki ba. Ido na ba ki tun kina yarinya, in bai ruɓe ba."

Da dusar ƙanƙara ta narke na fara. Duk Asabar da Lahadi ina kan hanyoyin katako, gilashi a sauke, tafiyar rakiyar gawa. Na fasa taya biyu, ni mai sayar da taya. Na bi sawu sama da sittin da ƙafa: wannan ya ƙare a rami, wancan busassun bishiyoyi sun yi masa rumfa, wancan ya yi kyau amma ruwa sai an gangara. Ina cikin wannan, a watan Yuni, Goggo ta sake faɗuwa a banɗaki. Daga asibiti gidan kula da tsofaffi aka wuce da ita. Ban daina nema ba, sai ma na ƙara da ranar Laraba.

A tsakiyar Satumba na same shi. Tsohon murhu ɗaya da gansakuka ta rufe, ƙasa kamar tebur, ƙaramin rafi a gefe, har da hakulberi. Na share sawuna da reshe, na tuƙo kai tsaye zuwa wurinta ko wanka ban yi ba. Na same ta a falo a keken guragu, ga ma'aikaciyar jinya tana ba ta magani, ga wasu baƙi sun zo duba tsohonsu.

"Goggo, na samu," na ce tun daga ƙofa. "Kin san inda hanyar tsohuwar mahaƙar ma'adinai ta rabu biyu, bayan gada ta..."

Ta ɗaga hannu, irin ɗagawar da ke sa yara arba'in su yi tsit a mota.

"Gidan Rediyo. Kin sake buɗe tasha?"

Na duba mutanen falon, duk ni suke kallo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta sa na tura ta ɗakinta na rufe ƙofa. Ta zaro taswirar daga ƙarƙashin matashi, ta miƙo mini da fensir, ta juya fuskarta wajen taga.

"Sa ɗigonki. Kar ki rubuta suna, kar ki nuna mini."

"Goggo, ai ke na nemo wa. Na yi magana da abokin aikina Kirk, zai ba ni aron motarsa mai taushi, mu sa miki matasai..."

"Likita ya ce ƙashin nan ba zai sake hawa hanyar burji ba. Tun Yuni na sani."

"Tun Yuni? Kika bar ni ina ta yawo?"

"Wata uku kaɗai na bar ki," ta ce. "Ke bakwai kika bar ni." Har yanzu taga take kallo. "Taku nawa ne zuwa ruwa?"

"Goma sha tara. Da irin tafiyarki na ƙirga."

"Ya fi nawa da uku," ta ce. "Tafi da takardar."

Na je na kwana biyu a wurin kafin sanyi, da karenta da tukunyarta shuɗiya. Kujera biyu na ɗauka don hannuna ya saba, ɗayar ban sauke ta daga mota ba. Wurin ya yi kyau, babu abin da ya rasa. Amma wancan da na ɓata shi ne wanda ƙafarta ke iya zuwa, kuma bazara ɗaya ce ta rage mata a lokacin, ni na cinye ta.