Ranar Ciro Sumon Alhaji Ishiyaku

Ishiyaku maƙwabcina ne a nan Birnin Kudu, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ba zan ɓoye ba, jinina bai taɓa haɗuwa da nasa ba. Da yaron mota ya fara a hanyar Gwaram, ya zama direba, daga baya ya ajiye sitiyari ya koma sarin hatsi a kasuwar Sara. Allah ya buɗa masa, ya je Makka, amma bakin tasha bai sake shi ba. Ko gaishe ka ya yi sai ka ji kamar zaginka ya yi.

Shekarar da mahaifiyarsa ta rasu ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gida, ya zura mata sumo, injin da ke turo ruwa sama, ya ɗora tanki, ya fitar da famfo ɗaya ƙofar gida, wai sadaka ce ga marigayiya. Mun yi mata addu'a da zuciya ɗaya, don ita mutuniyar kirki ce. Unguwa ta huta da jiran 'yan garuwa.

Bana da zafi ya kama, ruwa ya fara ja da baya. Famfo sai tari, sai ɗigo. Matarsa Hajiya Kubra kan tara bokiti, ta gama tankaɗe bai cika ba. Mai hankali tanki zai duba, ya duba bututu. Ishiyaku mu ya duba. Ya tsaya ƙofar gida yana tada jijiyar wuya wai mun shanye masa rijiya, ya fizge jarkar Inna Zuliha, ƙawar mahaifiyar tasa, ya wurga kwata. Sannan ya garƙame famfon da kwaɗo. Ranar na tsane shi har cikin raina.

Ruwan cikin gida bai ƙaru ba ko kaɗan. Dole ya kira Jafaru mai gyaran famfo. Jafaru ya juye tanki ya wanke, ya bi bututu bai ga yoyo ba, ya gwada wuta ya ga lafiya ƙalau.

"Alhaji, sumon ne ya sha yashi, ba ya iya turo ruwa sama," in ji shi. "Sai an ciro shi. Amma bututun cike yake da ruwa, nauyi gare shi. A samo maza su kama."

Muna zaune gindin darbejiya bayan la'asar Ishiyaku ya fito, ko sallama babu.

"Malam Rabi'u, ku taso ku kama mana."

Ni ne Rabi'un, kuma ko kai ban ɗaga ba. Haladu tela ya ce, "Wallahi Alhaji bayana ne ya riƙe. Ka san nisan da muke ɗauko ruwa yanzu."

Ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ja tsaki. Jafaru ya roƙe shi a bari sai gobe ya zo da mutanensa. Ishiyaku ya ce yau za a ciro, mu gani da idonmu.

Ƙofa a buɗe take, muna hango su. Su biyu suna ja suna nishi, bututu na fitowa a hankali, rigar Ishiyaku ta jiƙe sharkaf. Sun kusa rabi mahaɗar bututu ta kuɓuce, tsohuwar igiyar da ke riƙe da sumon, wadda ta sha ruwa, ta zarce cikin hannunsa, ta tsinke. Muka ji ƙara can ƙasa, sai tsit.

Jafaru ya leƙa ramin ya daɗe. "Sumon ya tafi, Alhaji. Ya toshe ƙasan. Ko an kawo injin haƙa ban ce zai fito ba."

Aka kira magariba. Ishiyaku ya fito tafin hannunsa duk ya saɓule, ƙafafu taɓo har gwiwa, gidansa babu ɗigon ruwa tunda an juye tanki. Ya tsaya kanmu yana kallon butocinmu.

Na tura masa tawa da ƙafa. Ruwan alwala ba a hana Musulmi. Amma sannu ban ce masa ba, kuma har yau ban ce ba.