Kawu Lawali da Jirgin da Bai Gwada Ba

Duk wanda ya san Kawu Lawali ya san ba ya zuwa wuri sau ɗaya. In yana da zuwa wani wuri ranar Juma'a, to ranar Alhamis zai yi wanka, ya kafa hula, ya je ya dawo. Shi ne yake kira gwajin hanya. Ku da kuka zauna da shi a La Courneuve, gefen Paris, kun fi ni saninsa, saboda haka in na yi kuskure ku gyara mini. An ce ya taɓa bin layi a ofishin takardun zama tun safe har azahar. Da ya iso gaban taga, matar ta miƙo hannu za ta karɓi takardunsa, sai ya ce, "A'a, Madame, nawa sai gobe. Yau na zo in ga inda ake tsayawa ne." Ban gani da idona ba, amma matarsa Tanti Rabi ta ce an yi, ita kuwa ba ta ƙara gishiri a magana.

Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya tarbe ni ranar da na zo daga Damagaram karatu, kafin in wuce Lyon. Shi ne kuma ya raɗa mini sunan da har yau wasunku ke kirana da shi, Malama Wataƙila, wai don bai taɓa tambayata abu na ce masa e ko a'a ba. "Diplom biyu gare ki," in ji shi, "amma in aka tambaye ki ko rana ta fito, sai kin ce wataƙila." Ina jin dai yana da gaskiya.

Labarin tafiyar kogi nake so in ba ku, don da yawanku gutsi-gutsi kuka ji shi.

Shekarar da ya ajiye aiki, bayan ya daɗe yana tuƙa manyan wata ƙungiya ta duniya a Paris, abokan aikinsa suka haɗa masa kyauta. Mako guda ne, shi da matarsa, a jirgin ruwa na shaƙatawa mai ɗakunan kwana, wanda ke tashi daga Lyon ya gangara kogin Rhône zuwa kudu ya dawo. Ba su tambaye shi ba. Da sun tambaya, da agogo zai ce su ba shi. To a lokacin ciwon suga ya riga ya taɓa idanun Tanti. Likita ya gaya musu ganin da ya rage mata ba zai daɗe ba. Ita kuwa, da ta yi ƙuruciyarta a layin famfo a Damagaram mai ƙarancin ruwa, da aka karanta mata takardar kyautar sai ta ce, "Malam, ina so in ga ruwa mai yawa kafin a kashe mini fitila."

Daga nan magana ta ƙare.

Ni aka ɗora wa abin da ke gaban jirgin da abin da ke bayansa: jirgin ƙasa daga Paris, otel na kwana biyu kafin a tashi da kwana biyu bayan an dawo, da wuraren da za a kai Tanti ta gani. Na gama karatu ke nan, ina ta aika takardun neman aiki ba amsa, sai na ɗauki abin kamar jarrabawa. Na yi mako biyu ina kwatanta otel-otel, na buga shafi goma sha ɗaya na aika masa. Ya kira ni a waya, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Wataƙila, kin kwana a otel ɗin nan?"

"A'a, Kawu, amma mutane sun rubuta cewa..."

"Waɗanne mutane? 'Ya'yan wa? Ina zuwa."

Ya zo kuwa. Sau uku ya zo Lyon kafin ranar tafiya. A otel na farko, kusa da tashar Perrache, ya sa matar da ke karɓar baƙi ta buɗe masa ɗaki. Ko gadon bai duba ba. Ya zaro ɗan kamfas ɗinsa na alƙibla, ya shige banɗaki, ya ajiye shi a kan murfin masai, ya tsaya yana kallon allura tana rawa. Ya fito yana girgiza kai.

"Wannan ya fuskanci Makka. A buɗe wani."

Matar ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ɗaki huɗu baiwar Allah ta buɗe. A na huɗu kamfas ya yarda, amma tagar bango take kallo.

"Bon," ya ce, "Hajiya ba bango ta zo gani ba. Muna da shi a Courneuve, hawa goma sha biyar!"

Sai a otel na uku muka dace. Ko nan ma bai amince ba, sai da ya rufe ido ɗaya, ya lumshe ɗayan, ya taka daga ƙofar shiga zuwa lif, daga lif zuwa ɗaki, yana shafa bango, don ya ji yadda ita za ta ji. Baƙi suna ta kallonsa. A lokacin kunya ta rufe ni. Yanzu in na tuna, kunyar da na ji ce take ba ni kunya.

Sai maganar wuraren kallo. Na jera masa gidajen tarihi, na rubuta lokacin buɗewa da na rufewa, da metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ke kai mutum. Ya ɗauki biro yana bi.

"Nan me ake gani?"

"Saƙar siliki, Kawu. An ce tana da kyau ƙwarai, akwai ƙananan furanni..."

"Ƙanana! Ke ɗiyata, ba ki ji abin da likita ya ce ba? Abu ƙarami ya riga ya wuce ta. Duk abin da bai kai raƙumi ba, cire shi."

Shafina goma sha ɗaya suka koma layi uku: tudun Fourvière inda ake hango gari duka, mahaɗar Rhône da ɗaya kogin garin, da raƙuman dawa na gidan namun daji. Su ma sai da ya je ya gwada su. Ya tsare mai ba su abinci har ya gaya masa ƙarfe nawa suke matsowa kusa da shinge. Kafin mu tafi ya ɗaga musu hannu, ya ce, "Sannunku, 'yan gida. Ku ma takarda ce ta riƙe ku a nan?"

Tikitin jirgin ƙasa sau biyu na canza shi, don kujerar farko tana kallon baya. "Ni ba na shiga garin mutane da baya," in ji shi. Jirgin ƙarfe sha ɗaya ne, amma tun bakwai suna zaune a Gare de Lyon, tashar Paris, da kwanon dambu, da kilishin unguwar Château Rouge, da filas biyu na shayi. Da na tarbe su Tanti ta ce mini, "Duk tattabarun tashar can mun saba, har sun raka mu."

Abu ɗaya ne bai gwada ba. Zuwansa uku, bai taɓa cewa mu je bakin kogi mu ga inda jirgin ke tsayawa ba. In muka hau gada, sai ya bi gefen motoci yana kallon gabansa. Na lura. Na so in tambaya, sai na ce wa kaina wataƙila ba hurumina ba ne. Haka ma ranar da ya nemi hoton fasfona, wai otel ke so, na ba shi ban ce komai ba.

Kwana biyun farko sun tafi yadda ya tsara. Tanti ta ga raƙuman, ta ce wuyansu kawai take gani, amma ya isa. Ranar shiga jirgi, bayan la'asar, muka iso bakin kogi. Ga jirgi fari, dogo, ma'aikata suna ɗaukar akwatuna. Kawu ya ja ya tsaya nesa da ruwa, bayansa jingine da wata bishiya, ya miƙo mini ambulan. Na buɗe. Sunan Tanti ne a ciki, da nawa.

"Kawu, ina jin an yi kuskure."

"Ba kuskure. Wata biyu ke nan da na canza. Je ki ɗauko kayanki. Minti arba'in ne zuwa da dawowa ta metro, na gwada."

"Amma kai aka ba wa kyautar!"

"An ba ni, na gode, na bayar. Ke kin iya karanta takardar abinci, kin san wanda ke da alade."

Tanti ta juyo da fuskarta inda muryarsa take. "Malam, gaya mata gaskiya."

"Hajiya!"

"Tsoron ruwa yake. Tunda na aure shi bai taɓa cika baho ba. A tsakiyar Paris da bokiti yake wanka."

"Ba tsoro ba ne," ya ce. "Ban gwada ba ne. Wannan irin abin da in ka gwada ya ƙi ba ka dawowa ka ba da labari ne."

Na yi dariya, don na ɗauka wasansu ne na kullum. Sai na ga Tanti ta laluba babban akwati ta zauna a kai, ta gyara mayafi.

"Na ɗauka saboda ni za ka shiga," ta ce a hankali. "To in ba ka shiga, ni ma ba na shiga. Mu koma gida."

Wani ma'aikaci ya zo sau biyu yana tambaya ko akwai matsala, ni kuwa na kasa ce masa e ko a'a. Na san in ta koma La Courneuve ranar, ba za ta sake samun ganin wannan ruwan ba. Kawu ya yi taku biyu zuwa wajen gadar shiga jirgi. Ya tsaya, ya dawo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wata takarda da ya rubuta da hannunsa. Duk garin da jirgin zai tsaya yana ciki, kowanne da jirgin ƙasan da ke kaiwa, da bas, da ɗan otel ɗin da zai kwana. Ashe duk zuwan da yake yi Lyon, in ya ce mini ya koma Paris, kudu yake wucewa.

"Hajiya, duk inda jirgin nan ya tsaya, za ki iske ni tsaye a bakin ruwa."

"Ta yaya zan gane ka? Ni da ba na gani."

"Na zo da babbar rigata ta salla, farar. In ban kai raƙumi ba, na kusa."

Tanti ta miƙe daga kan akwatin. Sannan ta miƙo mini hannu ta ce, "Je ki ɗauko kayanki, kada mu makara."

Haka aka yi makon. A Vienne yana nan. A Tournon yana nan, iska tana kaɗa rigar kamar tuta, fasinjoji har sun fara ɗaukarsa hoto. Akwai wani ƙaramin gari da ba shi da tasha, ya shiga bas ya ƙarasa da ƙafa, muka iske shi a tsaye. Sai Tanti ta sauka, su zauna a benci su sha shayinsa, ta ba shi labarin ruwa, shi kuma ya ba ta labarin rashin tarbiyyar direbobin bas.

Ranar Avignon ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki. Jirginmu ya tsaya da safe, ba farar riga. 'Yar wayarsa a kashe. Aka kwashi mutane zuwa kallon babbar fadar garin, abin da ya fi raƙumi ɗari, Tanti ta ƙi sauka. Ta zauna a saman jirgi tana fuskantar gaɓa, ko ruwa ta ƙi sha.

"Duba mini dai."

"Tanti, wataƙila yana hanya."

"Yau kada ki ce mini wataƙila."

Na ci gaba da duba gaɓa. Sai kusan la'asar wata motar kayan miya ta wani Balarabe ta tsaya, Kawu ya sauko daga baya, rigar duk jan tumatir, yana warin albasa. Tun daga nesa yake ɗaga murya: "Wannan hanyar ba na ba kowa shawarar binta!" Tanti ba ta yi dariya ba. Da na kai ta wurinsa, hannun rigar ta kama, ta riƙe, ba ta saki ba har aka busa ƙahon tashi.

Kwana biyun da na tsara bayan dawowa, ba mu je ko'ina ba. Barci suka yi ta yi su biyun. Ban sani ba ko laifin tsarina ne. Kafin sanyi na biyu ganin Tanti ya tafi duka. Kowa ya ɗauka shi zai daɗe yana jan hannunta, sai ga shi shi ya riga ta komawa ga Allah, a zaune, bayan sallar azahar. An kai shi gida Damagaram, ita kuma likita ya hana ta tafiya.

Makon jiya na je gaishe ta. Abin da ya daɗe yana damuna na tambaye ta, ko dai ta samu ganin ruwan yadda take so.

"Na gani, ɗiyata, alhamdulillahi," ta ce. "Amma in gaya miki gaskiya, gaɓa na fi kallo."

Allah Ya jiƙan Kawu Lawali, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Tanti Rabi haƙuri da lafiya. Ranar da nata jirgin zai tsaya, Allah Ya sa ta iske shi tsaye cikin fara, ta gan shi da idonta. Amin.