Gyaɗar Ɗan Fari

A shekarata ta biyu ta mastar a fannin nazarin iyali, nan Damagaram, aka tura mu ƙauyuka yin anket, mu bi gida-gida muna tambayar iyaye mata yadda suke renon ƴaƴansu. Ni Droum ta faɗo mini.

Ni ƴar fari ce, a hannun kakata na tashi. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna mahaifiyata ba. "Ke" take cewa, ko "a gaya wa waccan." Na san kunyar ɗan fari ce, har shafi huɗu na rubuta a kanta da Faransanci. Amma a littattafan soyayyar da na girma da su, mai son ka faɗa yake yi da baki. A ɗakina na haya, in na zauna gaban shinkafar mutum ɗaya, sai in yi ta tunani: in aka yaye kunyar nan, akwai wani abu a ƙarƙashinta kuwa?

A wani gida na tarar da tsohuwa tana ɓarar gyaɗa.

"Iya, ƴaƴa nawa Allah ya ba ki?"

"Biyar."

Na rubuta a kaye, littafin aikina. Sai maƙwabciyarta ta leƙo ta kan darni.

"Ƴar lakwal, duk bokonki an rufe ki! Shida ne. Babban yana Agadas."

Tsohuwa ta jefe ta da ɓawo. "Wa ya kasa da ke, uwar surutu?"

Na ce, "Iya, shi ba naki ba ne?"

"Na mutane ne," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Amma manyan ƙwayoyin a wata ƙwarya daban take jefa su. Maƙwabciyar ta ce duk kaka haka take, ta ƙulle ta ba direba ya kai wa babban, wai a ce masa daga ƙannensa ne.

A motar dawowa na tuna gida. Ni ma duk wata sai ƙullin kuka ya iso mini, wai daga ƙannena, waɗanda ko miya ba su iya kaɗawa ba.

Da la'asar na kira gida.

"Inna, kukar da yara suka aiko ta iso."

Ta ce, "To. Sau biyu aka tankaɗe ta, saboda tarin nan naki. Kar ki bar ta a buɗe." Sai kuma da sauri, "Ga ƙanwarki."

Ƙanwar tana ta "alo, alo", ni kuwa ina bakin katifa da ƙullin a cinyata.